Ɗamarar Yaya Malam

Fammar

Tun kiran sallar farko na jingine babur a ƙofar gidan yayana Malam Isyaku, limamin masallacin unguwarmu a Fammar, wanda nake ce wa Yaya Malam. Niyyata mu yi asuba a tashar Kibiya, don motar farko ba ta jiran kowa. Sai na tarar da shi a zaure yana alwala, jikinsa na ɓari kamar mazari, buta na neman kuɓuce masa.

"Yaya Malam, ka bar Malam Habu ya ja sallar yau mana," in ji ni. Malam Habu shi ne na'ibinsa.

"Haruna, ka taɓa ganin na bar ta ina cikin gari?"

Ban taɓa gani ba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Ya shige ɗaki ya daɗe, ya fito fuska a yamutse, ya ja mu salla da doguwar sura kamar babu inda za mu. Ni kuwa a sahu zuciyata tana tashar Kibiya, Allah Ya yafe mini.

Ga wanda bai sani ba, damina biyu da suka wuce aka cire wa Yaya Malam mafitsara a Kano, saboda wani ciwo da tsargiyar yarinta ta bar masa. Likitoci suka yanki ɗan guntun hanjinsa suka yi wa fitsari sabuwar hanya, yana fitowa ta wata 'yar ƙofa a gefen cikinsa na dama, yana zuba cikin jakar roba da ake mannawa. Ya warke, ya koma makaranta da masallaci. Sai zazzaɓi ya sako shi gaba: rawar sanyi, amai, ciwon kwiɓi. Mu ce na sauro ne, a sha magani, ya lafa, wata ya kama, ya dawo. Ruwa dai ba ya tsami banza. A zuwanmu na ƙarshe asibiti a Rano aka yi masa hoto, likitan ya kira ni gefe ya ce ƙoda ce ke kamuwa, ta hagu ta yi nisa, ta dama ma ta fara kumbura. In ta dama ta tafi, an gama. Ya ce mu koma Kano wurin waɗanda suka yi aikin, kada mu yi sanya.

Da za mu tashi, matarsa Yaya Laure ta miƙo mini jarkar ruwa. "Ka matsa masa ya sha, Haruna. Ni na yi na gaji."

Kibiya

An yi ruwa daren jiya, hanya ta yi santsi, ga shi ina ɗauke da mutum kamar ƙwai. Dama da hagu mutane sun fito da sungumi suna shuka, tawa gonar kuwa ko ƙwaya ban saka ba. Muna isa tasha muka hangi bayan motar farko tana shan kwana.

Na yi ɗan tsaki, kuma ya ji ni. Na bar babur wurin wani abokina mai faci, na kama wa Yaya Malam kujerar gaba shi kaɗai don kada a matse masa ciki, muka zauna jiran mota ta cika. Na zauna, na tashi, na leƙa titi, na dawo. Duk wanda ya gifta da jaka sai in ce, "Rano ne?" har ɗan kamashon ya ce, "Malam, in aikin kake so ka faɗa, in ba ka rigar."

Na buɗe jarka na miƙa wa Yaya Malam. Ya jiƙa leɓe ya mayar.

"Sha mana."

"Na sha."

"Wannan ai ko kaza ta fi ka."

Ya ja carbinsa ya juya mini ƙeya. Sai da rana ta yi hantsi motar ta cika.

Rano

Tafiyar ba ta da nisa, amma kowane rami sai na ga kafaɗarsa ta ɗaga. Da muka hango duwatsun Rano na ɗan ji sanyi. A tasha muka sauya mota zuwa Kano. Na sayo koko da ƙosai, ya ci ƙosai biyu, kokon ya ture. Tsofaffin ɗalibansa da ke sana'a a nan suka yi ta zuwa suna durƙusawa, kowa da tambayarsa, wannan ta gado, wancan ta sujadar rafkanuwa. Mutumin da ya kasa riƙe buta ɗazu sai ga shi ya miƙe zaune yana ba da fatawa. Ni ina ta kallon direba.

"Direba, marar lafiya gare mu fa."

"Saura mutum ɗaya, ranka ya daɗe."

Wannan mutum ɗayan, a tashar mota, bai taɓa zama ɗaya ba.

Kafin Bunkure muka tarar da shinge. Wani jami'i matashi ya zagayo ta gefen Yaya Malam, ya ga tudu a ƙarƙashin riga.

"Baba, mene ne wannan a cikinka?"

 Na buɗe baki zan yi magana, Yaya Malam ya ɗaga mini hannu. A hankali ya ɗage gefen rigarsa. Yaron ya ga jakar da abin da ke ciki, ya ja da baya da sauri. "Yi haƙuri, Baba, Allah Ya ba da lafiya. Direba, wuce."

Shi jaka ya gani. Ni wani abu na gani da ban san da shi ba: ɗamarar fata a sassauce a ƙugunsa, mai wani ƙulli a tsakiya kamar ƙwallon goriba. Na sunkuyo ta bayan kujera na raɗa masa, "Yaya Malam, guru? Kai da ka sa na jefa nawa a rijiya?"

"Ba guru ba ne," in ji shi. 

Karfi

Dab da mu hau titin Zariya taya ta fashe. Ta ajiya kuma, da aka ciro ta, ita ma ba iska. Na ce wa direban abin da na ce, ba zan maimaita shi a nan ba. Masu gasa masara suka yanyame mu, na sayi ɗaya na riƙe har ta huce ban gutsura ba.

Azahar ta same mu a wurin. Muka nufi wani ɗan masallaci na bakin titi, fasinjoji suka ga rawani da furfura, suka ce, "Malam, bismilla." Na so ya ƙi. Ina! Ya ce a ba shi ɗan lokaci, ya zagaya bayan bango, ya fito gumi na tsattsafo masa, leɓɓansa sun yi fari. Ya ja salla. Ana sallama bai tsaya ko addu'a ba, ya sake zagayawa. Da ya dawo ya zauna a gindin bango yana numfashi sama-sama, hannu dafe da kwiɓi. Na taɓa goshinsa, zafi rau. A nan tsoro ya kama ni na gaske, na ga kamar ba zan kai shi ba.

Kano

A Unguwa Uku muka sauka, na tsare a-daidaita-sahu, na ce masa asibiti, kada ya ɗauki kowa. Cinkoso ya riƙe mu, kan Yaya Malam a kafaɗata, ni ina ta buga ƙarfen keken kamar hakan zai buɗe hanya. Da la'asar aka karɓe shi, aka sa masa ƙarin ruwa da allurai, aka ɗebi jini. Ni na sauka gidan ƙanwarmu Zulai. Ta kawo tuwon shinkafa miyar taushe, na ci don kada ta yi kuka, barci kuwa ban san na yi shi ba.

Washegari aka sake hoto. Likitan tiyata ya zo, mutum ne mai sanyin magana, ya gaida Yaya Malam da ladabi, ya ja labule, ya ce a cire riga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ɓare jakar ya duba 'yar ƙofar, ta tsuke, gefenta ya yi tabo, ga kuma wani baƙin layi ya zagaye ƙugu. Ya ɗauki ɗamarar da ke gefen katifa yana jujjuyawa.

"Malam, wannan fa?"

Yaya Malam ya dube ni, ya dubi silin. Sannan ya faɗa. Wani baduku ya sa ya ɗinka masa ita a kasuwar Kibiya. In lokacin salla ya yi, sai ya ɗora ƙullin a kan ƙofar, ta saman jaka, ya ja ɗamarar iya ƙarfinsa, don kada ko ɗigo ya fito har ya idar. Ranar Juma'a da watan azumi ɗaurin kan daɗe. Ruwa kuma ya rage sha, don abin ya yi sauƙin riƙewa.

"Kullum?" in ji likita.

"Sau biyar."

Na ji kamar an zuba mini garwashi a ka. "Yaya Malam! Ba kai ka gaya wa Baba Sule mai yoyon fitsari cewa sallarsa ta yi ba? A gabana ka faɗa!"

"Tasa ta yi. Tawa ma ta yi, in ni kaɗai ne. Amma mai yoyo ya ja masu lafiya salla, malamanmu sun karhanta. Sai na ga in na tsayar da shi, ai ban zama mai yoyo ba."

Kun ji. Jahili irina ba zai taɓa tunanin wannan ba, sai wanda ya yi karatu.

Likita ya zauna a bakin gado. "Malam, fikihu naka ne, ba zan shiga ba. Amma wannan hanyar da muka yi maka ba ta da wurin ajiya, ba ta da marfi. Ƙoda ba ta san an tada kabbara ba. In ka toshe nan, fitsari baya yake komawa, ya kwashi ƙwayoyin cuta ya kai mata. Ba zan ce ɗamarar kaɗai ce ba, tabo kan tsuke da kansa ko ba a taɓa shi ba. Amma ta taimaka ƙwarai."

Wannan na gane shi sarai. Duk mai noman rani ya san abin da ke faruwa in an datse bakin kwata ruwa na zuwa.

Ya ce ƙodar hagu ta mutu, ta cika da mugunya, ita ke ta haifar da zazzaɓin, dole a cire ta. Ta dama tana aiki, sai dai inda bututunta ya haɗu da hanjin ya tsuke. Za su fara soka ɗan siririn tiyo ta baya su sauke mata ruwan da ya taru, in zazzaɓi ya sauka a shiga tiyata: a cire matacciyar, a yanke wurin da ya tsuke a sake ɗinkewa, a buɗa ƙofar.

"Amma da sharaɗi, Malam. Bayan aikin babu ɗauri har abada."

"Ko na raka'a biyu?"

"Ko na Fatiha."

Yaya Malam ya ce zai yi shawara.

Kwanakin asibiti

Tiyon baya ya yarda aka sa. Abin da ya fito cikin leda ba zan kwatanta shi ba, don wani na iya karanta wannan yana cin abinci. Zazzaɓi ya fara sauka, ya soma cin abinci, har ya fara gyara wa maƙwabcin gadonsa karatu. Amma maganar tiyata, shiru. Likita ya zo zagaye ya tambaya, ya ce yana shawara. Ya sake zuwa, yana shawara.

Ni kuwa na zama ɗan aiken asibiti. Daga wurin sayen magani zuwa wurin gwajin jini, daga can zuwa gidan Zulai in ɗauko kunu, in dawo in tarar an rubuta wani sabon magani. Na ba da jinina aka ajiye masa, mijin Zulai ma ya bayar. Duk sanda hadari ya taso sai in tuna gonata, in ji kunyar kaina, in kuma tunawa. Takalmina ya tsinke a kan matattakalar asibitin nan.

Wata safiya likita ya tare ni a baranda. "Tiyon nan ba na zama ba ne. In ya koma gida haka, ya ci gaba da ɗaurin, zai dawo mana, kuma ban san me za mu tarar ba."

Na shiga ɗakin ban ko yi sallama ba. Na ce, "Yaya Malam, tunda nake ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau zan ɗaga. Makaruhi kake gudu ka faɗa wa kashe kai? Wanne ya fi girma? Kai ne malamin, gaya mini! Laure fa? Yaran fa? Ni fa, da zan koma Fammar in ce musu me?"

Duk ɗakin ya juyo. Na ɗauka zai yi fushi. Sai ya matsa ya nuna mini bakin gado, na zauna ina huci.

"Ka yi gaskiya," in ji shi a hankali. "Hukuncin na san shi tun kafin ka iya riƙe fartanya. Na san ma akwai malaman da suka yi sauƙi, da zan iya ja a haka. Amma zuciyata ba za ta bar ni in tsaya gaban mutane abu na zuba ba. In na bar ɗaurin, na bar limanci ke nan."

"To, ka bari mana!"

Ya murza carbinsa. "Ina saurayi Babanmu ya kama hannuna ya tura ni gaba, kana yaro, ba lallai ka tuna ba. Tun daga ranar ban ƙara tsayawa a sahun masallacin nan ba. Haruna, ban san yadda zan shiga in tsaya a baya ba. Kowa zai juyo ya dube ni."

Fushin ya zube mini gaba ɗaya. Wannan mutumin da nake tsoron tarinsa tun ina yaro, ashe shi ma yana da abin da yake tsoro.

Na ce, "Wannan kam ni ne malaminsa. Duk rayuwata ƙeyarka nake kallo. Ba wuya, sai ka zo kusa da ni in nuna maka."

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun barinmu gida, har ta taɓa masa tiyo ya dafe baya. Da likita ya zo zagaye, shi ya fara magana: "Likita, a sa rana."

Ranar aikin da hantsi aka tura shi. Zulai ta zauna da carbi, ni na kasa. Na auna barandar nan da ƙafa har wata nas ta ce, "Baba, za ka ƙarar mana da siminti." Azahar ta wuce. Duk ƙofar da ta motsa sai in zabura. Ana kiran la'asar likita ya fito da hular tiyata a kansa, ya ce a kira ɗan'uwan Malam Isyaku. Na ruga wurinsa. Ya nuna mini ƙodar da suka cire a cikin wani kwano, ta kumbura ta ɓaci, ba kyan gani. Ya ce, "Ta daman mun same ta da rai. Fitsari na zuba yadda ake so." Ban taɓa zaton zan yi sujada don jin labarin fitsari ba, amma a nan ƙasan barandar na yi ta.

Komawa

Sai da ɗinki ya kama, aka zare tiyon baya, gwajin jini ya yi kyau, sannan aka sallame mu, da sharaɗin mu riƙa dawowa ana duba ƙodar. Likita ya ce ruwa shi ne maganinsa na farko. Yaya Malam kuwa in ya karɓi hukunci ba ya yi masa rabi. Daga Unguwa Uku zuwa Karfi ya shanye gora, kafin Bunkure ya ce direba ya tsaya zai zubar da abin da ya taru a jaka. Wani fasinja ya fara gunaguni. Yaya Malam ya juya ya ce, "Ɗana, ƙoda ɗaya gare ni, kuma ita ke ba da umarni yanzu. Yi haƙuri." Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, har shi ya riƙe masa ƙofa.

A Rano ba mu daɗe ba. A Kibiya na sama masa a-daidaita, na ce a bi da shi sannu, ni zan biyo da kaya a babur. Ga tabarma, ga bokiti, ga kwalin jakunkuna da magani, igiya kuma babu. Ina ta dube-dube sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗamarar ya miƙo mini.

"Ungo. Fata ce mai kyau, kada ta tashi a banza."

Da ita na ɗaure bokitin, kuma har gida bai motsa ba.

Fammar

Rana na shirin faɗuwa muka shigo. Na bi ta gefen gonata na ga gero ya fito layi-layi, ashe 'yan unguwa sun yi mini gayya. Yaya Laure ta fito tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Bai ko zauna ba aka kira magariba.

Masallaci ya cika fiye da kullum. Da ya shigo mutane suka dare masa hanya har gaba, Malam Habu ya ja da baya yana cewa, "Bismilla, Malam." Yaya Malam ya tsaya yana kallon buzun da ya yi shekaru a kansa.  Sai ya kama hannun Malam Habu ya tura shi gaba, ya juyo yana nemana da ido. Na matsa na buɗa masa wuri.

Da aka tada iƙama sai na ga ya wuce sahu da taku guda, saboda sabo. Na kama bakin rigarsa na jawo shi baya, har kafaɗarsa ta haɗu da tawa, ƙafarsa ta taɓa tawa. Mutane sun dube shi, ba zan ce ba su duba ba. Amma Malam Habu na yin kabbara kowa ya fuskanci gabansa.

Aka yi sallama. Sai Yaya Malam ya karkato ya raɗa mini, "Haruna, ashe haka kuke jin ɗumin juna a nan, kuka bar ni can ni kaɗai?"



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu biyu kamar yadda muka tafi. Likita da ma'aikatansa, Zulai da mijinta, da waɗanda suka shuka mini gona ban roƙa ba, Allah Ya saka muku da alheri. Masu zuwa gaida Yaya Malam kuma, ku bar goro a gida, ku zo masa da ruwa mai sanyi. Bayan salla za ku same shi a sahun farko, hannun dama, kusa da ni.